Ummi na son zuwa Amurka, ni kuma na tuna azumina na Hamburg

Jama'a ku yi haƙuri, rubutun yau yana da tsawo. Mai sauri ya wuce abinsa, ba komai. Amma iyaye, musamman masu 'ya'ya mata a sakandare, don Allah ku daure ku kai ƙarshe, shawara nake nema.

Sati uku ke nan, wani daren Juma'a na dawo daga sallar isha'i, an ɗauke wuta, ina zaune a tsakar gida ina fifita, sai maman yara ta jawo kujera ta zauna kusa da ni ta yi shiru. Duk wanda ya kai shekara goma sha bakwai da aure ya san irin wannan shirun. Na ce, "Nawa ne?" Ta ce ba maganar kuɗi ba ce, saƙon Ummi ne. Ummi ita ce 'yarmu ta fari, sunan Hajiyarmu ta ci, shi ya sa ba mai kiran sunanta na yanka a gidan. Shekararta 15, tana aji ɗaya na babbar sakandare. Wai yayar wata ƙawarta ta taɓa zuwa Amurka a shirin musayar ɗalibai, ta yi shekarar karatu ɗaya ta dawo, ita ma tana son in an buɗe ta cike fom. Nauyin faɗa min take ji, shi ne ta biyo ta hannun uwarta.

Ga waɗanda ba su san shirin ba, YES ake ce masa. Majalisar Dokokin Amurka ce ta kafa shi a 2002, bayan harin 11 ga Satumban 2001, kuma sunan sanatoci biyu yake ɗauke da shi, Edward Kennedy da Richard Lugar. An riƙa ɗaukar 'yan sakandare daga ƙasashen da ke da Musulmi da yawa, har da Najeriya, bayan jarrabawa da tantancewa. Yaro zai zauna a gidan wasu Amurkawa kamar ɗan gida, ya riƙa zuwa makarantar garinsu, wajen wata goma, gwamnatinsu ce ke ɗaukar nauyi. Masu karɓar yaran ba biyansu ake yi ba. Kuma kada mu yaudari kanmu, ba don Allah da Annabi suke kashe wannan kuɗi ba. So suke yaranmu su san su, su dawo ba sa ƙin su, su ma nasu yaran su ga Musulmi ido da ido ba a talabijin ba. Ni ban ga laifin ƙasa ta nemi amfanin kanta ba. Abin da ya dame ni shi ne ni mene ne nawa amfanin, kuma me zan iya rasawa.

Ranar Lahadi, kamar kullum, muka haɗu a gidan Hajiya a Gyadi-Gyadi. Ban gama bayani ba Yaya ya ajiye cokali. Ya ce, "Kai yanzu da hankalinka, yarinyar da ko Zariya ba ta taɓa zuwa ita kaɗai ba za ka ɗauka ka kai gidan waɗanda ba sa sallah? Ina muharraminta?" Na ce Yaya ai ban ce na yarda ba, shawara na kawo. Ya ce, "Ai tun da ka kawo, ka yarda. Tun da ka je Jamus ɗin nan kake ganin duk mu ba mu waye ba."

Wannan maganar ta yi min zafi, don ba haka ba ne. Abin da na gano a Jamus game da kaina ne, kuma ban taɓa faɗa wa Yaya ba. Yau zan faɗa.

A 2016 ina digiri na biyu, irin na ƙarshen mako da ma'aikata ke yi, sai Allah ya sa sunana ya fito cikin waɗanda za su je musayar wata uku a wata jami'a a birnin Hamburg. Daga Mayu zuwa ƙarshen Yuli. Na sha wuya kafin a sa min hannu a takardar hutun ƙaro karatu, wannan labarin wata rana ne. Na shiga motar Abuja a tashar Unguwa Uku da jaka ɗaya, rabinta kilishi da garin kunu da yaji da kuka, sai ka ce wanda za shi yaƙi. Abin da aka tsorata ni da shi a gida abu uku ne: naman alade, giya, da mata. Wani abokin aikina har da ce min in kula, a ruwan sha ma suna zubawa.

Alade bai ba ni wahala ba. Kwana biyu na haddace sunansa da Jamusanci, na koyi juya kwali ina karanta bayansa. Abin da ya kusa kayar da ni alawa ce, irin mai taushin nan ta yara, ashe da sinadarin jelatin ake yin da yawansu, shi kuma galibi daga fatar alade ake samo shi. Wani ɗalibi Baturke ne ya karɓe ledar daga hannuna a kanti. Shi ya kai ni wani titi da ake kira Steindamm, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, inda shagunan Turkawa da 'yan Afganistan da Larabawa suke jere, ga mahauta masu yankan Musulunci, ga masallatai a lunguna. Daga baya na ji cewa a wannan titin ne masallacin da wasu daga cikin maharan 11 ga Satumba suka riƙa zuwa yake, hukuma ta rufe shi a 2010. Sai na fahimci abin da ya sa wasu mutanen garin ke yi wa mai gemu wani irin kallo. Ban ce sun kyauta ba, amma ruwa ba ya tsami banza.

Wahalar farko ta gaske buta ce. Ku yi dariya, amma wanda ya je ya sani. Banɗaki tas-tas, ba ruwan tsarki, sai takarda. Wata uku ina yawo da gorar ruwa a jaka. Alwala kuma a wurin wanke hannu, ka ɗaga ƙafa ɗaya sama kamar zalɓe, kana addu'ar kada wani ya turo ƙofa. Azahar da la'asar a ƙarƙashin wani bene na bayan laburare nake yi, a kan jarida. Ba wanda ya taɓa hana ni. Wata rana mai shara ta tarar da ni a sujada, ta tsaya da tsintsiyarta har na sallame, sannan ta wuce.

Sai azumi ya kama, 6 ga Yuni. A Kano a irin wannan lokacin awa 14 ne da zafi. A can rana ba ta faɗuwa sai wajen goma saura na dare, alfijir kuma wajen ƙarfe uku, sama da awa 18 ke nan. Ba ƙishirwa sosai don garin da sanyi-sanyi, amma barci ya tarwatse. Ka sha ruwa goma saura, isha'i ta kusa sha biyu, kafin ka kwanta lokacin sahur ya yi, ƙarfe tara kuma kana aji. Wani abin mamaki, a tsakiyar bazararsu sama ba ta gama yin duhu, gefen arewa na nan da haske har gari ya waye. To duk abin da muka karanta a Ahalari a zauren Malam na ɓacewar shafaƙi, ina zan gan shi? Jadawalin masallacin Turkawa daban, na Larabawa daban, tsakaninsu a lokacin alfijir akwai tazara mai yawa. Majalisar fatawa ta Turai ta ba da damar haɗa magariba da isha'i a irin waɗannan watanni saboda matsi, wasu sun bi, wasu sun ce sam. Ni da na taso ina ganin amsar kowace mas'ala ɗaya ce, wadda Malaminmu ya faɗa, na tsinci kaina ina zaɓa da kaina, ba kowa a gefe. Hatta Sallah, Turkawa sun yi tasu ranar Talata 5 ga Yuli, ku a Kano sai Laraba. Ma'aikata za su tuna, shekarar ce gwamnati ta ƙara mana hutun Alhamis don ba a ga wata ba. Ni ranar da kuke hawan Sallah ina gabatar da takarda a aji.

Amma duk wannan ba shi ne abin ba.

Abin shi ne, kafin azumi, a satina na uku, na yi kwana biyar a jere ban tashi asuba ba sai rana ta fito. Juma'a biyu ta wuce ni, ɗaya da uzurin aji, ɗaya wallahi ba uzurin komai, ruwa ake yi na ga nisa. Kuma ba wanda ya tambaye ni. Ba wanda ya ma sani. A layinmu na Unguwa Uku masallaci uku ne ke tashin mu da lasifika, ko ba ka so sai ka farka. In ba a gan ka a sahu kwana biyu ba, mai shayin bakin layi zai ce, "Yallaɓai lafiya kuwa? Ko jikin ne?" Shekara 35 ina ɗauka ni ne ke tashi sallah. Ashe unguwa ce ke tashi na. Ranar da na gane haka, ina zaune a bakin gado, hasken rana ya cika ɗaki, na ji kunyar da ban taɓa ji ba, don ba wanda zan ɗora wa laifi. Ba Bature, ba alade, ba giya. Daga ranar na sayi agogo mai ƙararrawa na ajiye shi can bakin ƙofa, yadda sai na miƙe tsaye zan kashe shi. Ban ce na dawo waliyyi ba. Amma sallar da na yi a sauran kwanakin nan, ita ce ta farko da zan iya rantsuwa tawa ce.

A gidan wata tsohuwa aka sauke ni, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, ba ta zuwa coci, ta ce ita ba ta da addini. Ranar da na iso na tarar ta sayi sabuwar tukunya da sabon kasko ta ware min, wai ta karanta cewa ba ma haɗa girki da alade. Da azumi ta daina cin abinci a gabana duk da na ce mata ba komai. Amma fa tana da tambaya, kuma ba ta san kara ba. Ita ce ta fara gaya min cewa Heinrich Barth, Baturen da ya zo Kano a 1851 yana kiran kansa Abdulkarim, ɗan garinsu ne. Ita ce kuma wata rana da yamma ta ajiye jarida ta ce, 'yan matan Chibok da aka sace a 2014, da gaske saboda suna karatu ne? Na yi mata bayani iya iyawata, na ce mu ma a Kano mun binne mutanenmu, na ba ta labarin harin babban masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki a Nuwamban 2014. Ta yi shiru. Sai ta nuna hoton Ummi a fuskar wayata, lokacin tana shekara shida da ɗan hijabinta na Islamiyya, ta ce, "Wannan fa? In ta girma ta ce za ta zo nan karatu kamar yadda ka zo, za ka bar ta?" Ni kuwa da zafin kare mutuncin Musulunci da na Arewa, na buga ƙirji na ce 'yata za ta yi karatu duk inda take so a duniya.

Baki shi ke yanka wuya. Shekara tara ke nan, ga maganar ta dawo ta same ni a tsakar gida ina fifita.

Sai dai in zan yi adalci, tafiyata da tata ba ɗaya ba ce. Na je ina da shekara 35, da mata da 'ya'ya, da ɗakina da makullina, a birnin da masallatai suka yi yawa. Ita shekara 15, a cikin gidan mutane, ƙila a wani ƙaramin gari da sai an yi tafiyar awa guda a mota kafin a ga masallaci, ƙila ita kaɗai ce mai hijabi a makarantar gaba ɗaya. Akwai darasin motsa jiki, akwai bikin rawar ƙarshen shekara da suke yi maza da mata, akwai kare a falo har kan kujera. In ni da gemuna na yi kwana biyar, ita fa? Abu ɗaya da ya zo da sauƙi shi ne azumi, don in ta tafi baɗi, Ramadan zai same ta wajen Fabrairu, lokacin sanyinsu, yini gajere, ya fi na Kano sauƙi nesa ba kusa ba.

Maganar muharrami kuma ban raina ta ba. Na je na sami Malaminmu bayan magariba na ce, Allah ya gafarta Malam, ga abin da ke tafe da ni. Bai yi min sassauci ba. Ya ce hanin tafiyar mace ba muharrami tabbatacce ne, sauƙin da malamanmu na Malikiyya suka yi na tafiya cikin amintacciyar tawaga a kan hajjin farilla suka yi shi, kodayake akwai malaman zamani da suka faɗaɗa shi zuwa neman ilimi in an samu aminci. Ya ce shi dai da 'yarsa ce ba zai bari ba, amma ba zai ce wanda ya bari ya fita daga addini ba. Na fito kamar yadda na shiga.

Abin da na kasa faɗa wa Yaya a gaban Hajiya shi ne, ai shi ma ya tura tasa 'yar Khartoum karatun likita, ba muharrami. Amsarsa na san ta: Sudan ƙasar Musulmi ce, ɗakin kwanan mata daban. Haka muka ɗauka dukkanmu, har ranar 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke, ana cikin goman ƙarshe na azumi. Ina gidansa a kwanakin da aka kwashi ɗalibanmu a motocin safa zuwa iyakar Masar suka maƙale a can kwana da kwanaki, waya ba ta shiga. Na ga Yaya, mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar rasuwar mahaifinmu, yana kuka a kan dadduma. Sai a watan Mayu ta iso. Saboda haka in ya ɗaga murya a kan Ummi, na san ba ƙin boko ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Amma darasin da ni na ɗauka daban ne da nasa: inda muka ce nan ne aminci, can ne aka yi ruwan harsashi.

Sannan Amurkar yau ba ta lokacin da yayar ƙawar Ummi ta je ba ce. Yaya ne ya turo bidiyon nan a zauren WhatsApp na gidanmu, na Rumeysa Ozturk, ɗaliba Baturkiya mai digiri na uku a Jami'ar Tufts, da jami'ai masu rufe fuska suka tare ta a titi a watan Maris na 2025, da hijabinta, tana hanyar zuwa buɗa-baki. Abin da aka sani ta yi shi ne sa hannu a wani rubutu a jaridar makaranta kan Gaza. Sai da ta yi sama da wata guda a tsare kafin alƙali ya ce a sake ta. A ƙarshen Mayu suka dakatar da ba ɗalibai ranar ganawar biza na wasu makonni, da suka dawo suka ce kowane ɗalibi ya buɗe shafukansa na sada zumunta a duba. A watan Yuli kuma suka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku, shiga ɗaya. Ni kaina da nake wannan rubutun sai da na tsaya na yi tunanin abubuwan da na rubuta a shafin nan kan Falasɗinu shekara biyu da suka wuce, ko za su shafi yarinyar da ba ruwanta. Ban goge ko ɗaya ba, ba kuma zan goge ba. Ta yiwu ma duk wannan rigimar da muke yi a Gyadi-Gyadi a kan ƙofar da ake shirin rufewa muke yi.

Hajiya duk wannan muhawara ba ta ce uffan ba, tana jan carbi. Ita aji huɗu na firamare aka cire ta aka yi mata aure, har yau in ta ga takardar asibiti sai ta miƙo mana mu karanta mata, kuma na san abin yana ci mata rai. Da muka gaji muka yi shiru, sai ta ce a kira mata takwararta. Ummi ta shigo ta durƙusa. Hajiya ta ce, "Takwara, wa ke tashin ki sallar asuba?" Ta ce, "Mama ce." Ta ce, "Sau nawa take kiran ki?" Ummi ta sunkuyar da kai ta ce wani lokaci sau uku. Hajiya ta juyo wurin maman yara ta ce, "Daga gobe kada ki ƙara tashin ta. Kai ma haka. Kada wanda ya ce mata ta yi azahar, kada wanda ya ce mata ta ɗauki Alƙur'ani. Ku zuba mata ido zuwa ranar da za a buɗe fom ɗin. Sannan ku dawo mu yi magana."

Tsigar jikina ta tashi. Ban taɓa ba Hajiya labarin kwana biyar ɗin nan ba. Yaya ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa hannu ta ce, "Ban ce za ta ba, ban ce ba za ta ba."

Yau kwana goma sha tara. Ina rubutawa a bayan kalandar ofis, ba tare da ta sani ba. Ta makara sau huɗu, uku daga ciki a satin farko. Lissafin ma ba shi da tsabta sosai, don shekaranjiya na kama maman yara tana tari da ƙarfi a ƙofar ɗakinsu ƙarfe biyar saura, tarin da ba na mura ba. Kuma ko ba tarin, ga lasifika uku a layi, waɗanda ba za ta tafi da su Amurka ba. Ummi ta karɓi tsohon agogon nan nawa na Hamburg, ta sa masa sabon batir. A gefen filo ta ajiye shi, ban ce mata komai ba tukuna.

Ban sa hannu a komai ba. Na dai tambayi kuɗin fasfo, an ce a Satumban 2025 ya koma naira 100,000 mai shekara biyar, kun san abin da wannan ke nufi a albashin ma'aikacin jiha. Yaya bai kira ni ba tun ranar, sai dai matarsa ta aiko wa Ummi da sabon hijabi, ban san fassarar wannan ba.

Don Allah in akwai wanda ɗansa ko 'yarsa ta taɓa zuwa wannan shiri, ko ke da kanki kika je, musamman daga Kano, a yi min magana ta akwatin saƙo. Ba hotunan dusar ƙanƙara nake son gani ba. So nake in ji yadda aka yi da sallah, da wane irin gida aka sauke ku, da wanda za a kira in abu ya ɓaci da tsakar dare. Masu zuwa su ce min na zama ɗan boko aƙida, da masu cewa Yaya ɗan ƙauye ne, duk ku huta, Yayana ne.